Jackie Robinson: Ɗan wasan da baƙaƙen Amurka suka riƙa kwana a jirgin ƙasa domin zuwa kallonsa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Tsafe ko Bunguɗu ya nufi Gusau domin kallon dambe, ko ya bi ƙungiyar Zamfara United zuwa wani gari, ya san matsayin baƙon ɗan kallo. Ka biya kuɗin mota, ka biya kuɗin ƙofa, ka zauna a tsakiyar mutanen da ba naka ba. Idan gwaninka ya yi bajinta, sai ka waiga dama da hagu kafin ka ɗaga murya.

A shekarar 1947 dubban baƙaƙen fata a Amurka sun yi irin wannan tafiya, amma tasu ta fi nauyi. Wasu kwana suke yi a jirgin ƙasa. A kan hanya akwai gidajen abincin da ba za su sayar musu ba, da otal-otal ɗin da ba za su ba su ɗaki ba, da gidajen man da za su karɓi kuɗinsu amma su hana su kewayawa. Kuma ƙungiyar da suke zuwa mara wa baya ba ta garinsu ba ce, da yawansu ma ba su taɓa taka birnin da take ba. Mutum ɗaya suke zuwa gani, mai lamba 42 a bayan riga.

Sunansa Jackie Robinson, baƙar fatan da ya fara shiga babbar gasar besbol ta Amurka bayan an shafe sama da shekara 60 ana hana irinsa.

Wane irin wasa ne?

Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum tara. Mai jifa zai tsaya a kan ɗan tudu ya wurgo ƙwallo mai tauri, wadda ba ta fi lemo girma ba, mai duka kuma ya tare ta da kulki. In ya make ta sai ya yar da kulkin ya sheƙa da gudu, ya bi ta tasha ta ɗaya, da ta biyu, da ta uku, ya dawo gida inda ya fara. Kowace dawowa gida maki ɗaya ce. Aikin abokan karawa shi ne su cafe ƙwallon a sama, ko su riga shi isar da ita tasha. Wanda ya yi langa yana yaro zai gane abin nan da nan: ruwa na neman ya sha, ana neman a kashe shi a hanya.

A wancan zamani babu wasan da ya kama ƙafar besbol wajen farin jini a Amurka. Ƙungiyoyi 16 ne a babbar gasar, a birane 10, kuma babu ko ɗaya a can cikin jihohin Kudu inda mafi yawan baƙaƙe suke zaune. Babu wata rubutacciyar doka da ta hana baƙi shiga. Masu ƙungiyoyin ne suka haɗa baki, suka kuma riƙe alƙawarin da ke tsakaninsu. Tun bayan da Moses Fleetwood Walker da ƙanensa suka buga wa Toledo a 1884, ƙofar ta rufe.

Autan Mallie

An haifi Jack Roosevelt Robinson ranar 31 ga Janairun 1919 a garin Cairo na Jihar Jojiya, a gidan masu noman kashi-mu-raba. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Yana jariri mahaifinsa ya bar gida bai dawo ba. A 1920 mahaifiyarsa Mallie ta tattara yaranta ta koma Pasadena a Jihar Kalifoniya, inda ta riƙa aikatau a gidajen Turawa har ta raine su.

Gidan gwanayen gudu ne. Yayansa Mack shi ne ya zo na biyu a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, bayan Jesse Owens. Da ya dawo gida da lambar azurfa, aikin sharar titi ya samu. Jackie ya ga wannan da idonsa.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, shi ne ɗalibi na farko da ya yi fice a wasanni huɗu: ƙwallon kwando, da zari-ruga irin ta Amurka, da guje-guje da tsalle-tsalle, da besbol. Abin mamaki, a besbol ɗin ne ya fi rauni. A can kuma ya haɗu da Rachel Isum, ɗaliba mai karatun aikin jinya, wadda ya aura a 1946.

An ɗauke shi soja a 1942, ya kai muƙamin laftanar. Ranar 6 ga Yulin 1944, a sansanin Hood da ke Jihar Texas, direban bas ɗin soja ya umarce shi ya koma kujerar baya. Ya ƙi. Maganar ta kai kotun soja, inda hafsoshi suka wanke shi a watan Agusta. Wannan ya faru shekara 11 kafin Rosa Parks ta yi irinsa a Montgomery. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin duk haƙurin da za a ji ya yi nan gaba, ba haƙurin mai sanyin hali ba ne.

Yarjejeniyar awa uku

Da yake an hana su babbar gasa, baƙaƙe sun kafa tasu. Rube Foster ne ya assasa ta a Kansas City a 1920. A 1945 Robinson ya shiga ƙungiyar Kansas City Monarchs a kan Dala 400 a wata.

A lokacin shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers da ke New York, Branch Rickey, yana neman wanda zai karya shingen da shi. Ranar 28 ga Agustan 1945 suka zauna kimanin awa uku a ofishinsa. Rickey ya riƙa kwaikwayon irin zagi da cin mutuncin da zai haɗu da su, daga ma'aikacin otal zuwa abokin karawa a fili. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa, kada ya rama komai aka yi masa, domin faɗa ɗaya ya isa masu adawa su ce gwajin ya rushe.

Ana yawan yabon Rickey da tsoron Allah, kuma mutum ne mai riƙo da addininsa. Amma ɗan kasuwa ne. Ya san akwai ƙwararrun 'yan wasa da ba wanda ya taɓa, ya kuma san akwai 'yan kallo masu kuɗin tikiti a aljihu da ba wanda ya kira.

An fara tura Robinson ƙaramar ƙungiyar Dodgers da ke Montreal a Kanada. Atisayen share fage a Jihar Florida a farkon 1946 ya nuna masa abin da ke gaba. An sauke shi da amaryarsa daga jirgin sama, suka ƙarasa tafiyar a kujerar bayan bas. A Jacksonville an garƙame filin wasa da kwaɗo don kada ya buga. A DeLand cewa aka yi fitilun fili sun lalace, alhali da rana za a yi wasan.

A ƙarshen kakar, Montreal ta je wasan ƙarshe a Louisville ta Jihar Kentucky, inda masu filin suka ƙayyade yawan baƙaƙen da za su shiga, aka mayar da mutane da yawa daga ƙofa, Turawan da ke ciki kuma suka yi masa ruwan zagi. Da aka dawo Montreal, mutanen gari suka rama masa da ihu a kan 'yan Louisville. Ranar da suka ɗauki kofin sai da ya gudu a kan titi, dandazon Turawa na bin sa suna son su ɗaga shi sama.

Kayan zuwa coci a filin wasa

Tun kafin Robinson ya sa rigar Dodgers, Rickey ya damu da 'yan kallo. A watan Fabrairun 1947 ya tara manyan baƙaƙen Brooklyn, da limaman coci da lauyoyi da likitoci, ya nuna musu cewa babbar barazana ga Robinson na iya fitowa daga masoyansa. Ya ce ba ya son liyafa, ko zanga-zangar murna, ko shiga fili da giya, ko ramuwar zagi. Magana ce mai ɗaci da raini a ciki, domin ba a taɓa tara Turawa an yi musu irin wannan huɗuba ba. Duk da haka manyan suka haɗiye, suka ɗauki saƙon zuwa majami'u da jaridunsu: kowa ya kama kansa, kada a ɓata wa yaron nan damarsa.

Ranar 15 ga Afrilun 1947 ya fito a filin Ebbets na Brooklyn yana da shekara 28. Mutum 26,623 ne suka shiga, kuma an ƙiyasta sama da 14,000 daga cikinsu baƙaƙe ne. Bai yi wata bajinta ba a ranar, amma ya kawo maki ɗaya, Dodgers ta doke Boston Braves da ci 5 da 3.

A wasannin waje ne abin ya fi fitowa fili. Cincinnati da St. Louis su ne biranen gasar da suka fi kusa da Kudu, saboda haka nan ne mutanen Kentucky da Tennessee da Arkansas da Mississippi suka riƙa kwarara. Har jirgin ƙasa na musamman aka riƙa tayarwa daga Norfolk a Jihar Virginia zuwa Cincinnati, yana tsayawa yana kwasar mutane a hanya, tafiyar da ta kusa kai nisan Gusau zuwa Legas. Masu zuwa da mota kan riƙe wani ɗan littafi mai koren bango da wani ma'aikacin gidan waya, Victor Green, ya fara bugawa a 1936, wanda ke nuna wa baƙar fata inda zai iya cin abinci ko ya kwana ba tare da an wulaƙanta shi ba. Guzuri kuwa daga gida ake ƙullo shi.

A St. Louis, sai a 1944 aka daina killace baƙaƙe a wani ɓangare na nesa a filin Sportsman's Park. Wato shekara uku kacal kafin zuwan Robinson.

Ranar 18 ga Mayun 1947 Dodgers ta je filin Wrigley na Chicago. Mutum 46,572 suka sayi tikiti, dubbai kuma suka rage a waje. Filin na unguwar Turawa ne a arewacin birnin, inda baƙaƙen kudancin Chicago ba su saba zuwa ba. Mike Royko, wanda ya je wasan yana yaro kuma daga baya ya zama fitaccen ɗan jarida a birnin, ya bayyana yadda suka zo cikin kwat da farar riga da lakataye da gogaggen takalmi da malafa, tamkar masu zuwa coci, ba hayaniya ba turereniya. Robinson bai samu duka ko ɗaya mai kyau ba a ranar. Tafin da aka yi masa a fitowarsa ta farko kuwa sai ka ce shi ya ci wasan.

A nan ne labarinsu ya bambanta da na sauran baƙin 'yan kallo. Wanda ya bi ɗan dambensa zuwa wani gari, in an kayar da shi, kunya ce ta kwana ɗaya da tsokanar abokai. Su kuwa waɗannan suna zaune ne da sanin cewa idan mutumin nan ya gaza, ko ya fusata ya kai duka, ko su kansu ɗayansu ya tanka wa mai zagi, za a iya sake rufe ƙofar na wasu shekaru. Shi yana danne zuciya a fili, su suna danne tasu a kan kujera.

Kuma akwai abin dannewa. A watan Afrilu kocin ƙungiyar Filadelfiya, Ben Chapman, ya jagoranci yaransa suka yi ta yi masa zagin ƙare dangi. A birnin na Filadelfiya otal ɗin da Dodgers ta saba sauka ya ƙi karɓarsa, haka ma a St. Louis. Wasiƙun barazanar kisa suna zuwa. Sau tara masu jifa suka same shi da ƙwallo a jiki a kakar. A watan Agusta Enos Slaughter na St. Louis ya taka shi a ƙafa da takalmi mai ƙusoshi. Tun kafin a fara kakar ma wasu abokan wasansa 'yan Kudu sun yi yunƙurin haɗa takardar ƙin wasa da shi, aka murƙushe ta.

Da gudu ya riƙa ramawa. Ya zo da salon gasar baƙaƙe, inda ɗan wasa ke rawa a bakin tasha yana rikita mai jifa, da an yi sakaci ya saci hanya zuwa ta gaba. Sau 29 ya yi haka a 1947, fiye da kowa a rukuninsu. Mafi wuya ita ce satar gida, wato ka taso daga tasha ta uku ka riga ƙwallon da aka wurgo isa. Sau 19 ya yi ta a rayuwarsa ta wasa. A ƙarshen kakar ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, Dodgers ta lashe rukuninta, kuma sama da mutum miliyan 1.8 suka shiga filin Ebbets, adadin da ba ta taɓa samu ba.

A wasannin share fage da Dodgers ke yi a garuruwan Kudu, 'yan kallo sun fi haka ɗoki. A 1948 wani yaro ɗan shekara 14 a Mobile ta Jihar Alabama ya gudu daga makaranta don ya ga Robinson. Shi ne Hank Aaron, wanda a 1974 ya karya tarihin Babe Ruth. A Afrilun 1949 a Atlanta, duk da barazanar ƙungiyar Ku Klux Klan, sama da mutum 25,000 suka cika filin da bai isa ya ɗauke su ba, fiye da rabinsu baƙaƙe, da yawa a tsaye a bayan igiya a gefen fili.

A wannan shekara ce Rickey ya sakar masa mara. Ya fara musu da alƙalan wasa, yana mayar da martani. Wasu 'yan jaridar da suka yaba masa lokacin da yake shiru suka koma kiransa mai girman kai. A shekarar ce kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan rukuninsu baki ɗaya.

Faɗuwar wani tashin wani

Akwai ɓangaren labarin da ba a cika son faɗa ba. Duk kujerar da baƙar fata ya cika a Ebbets ko Wrigley, wata kujera ce ya bari a filin gasar baƙaƙe.

Gasar ba ƙaramar harka ba ce. Tana cikin manyan sana'o'in da baƙaƙe suka mallaka a Amurka. Wasan taurarinta na shekara-shekara a Chicago yakan tara kusan mutum 50,000. Direbobin bas, da masu otal, da masu gidajen abinci, da 'yan jarida duk suna ci daga gare ta. Cikin shekara ɗaya abin ya fara zubewa. Ƙungiyar Newark Eagles, wadda wata mace mai suna Effa Manley ke tafiyarwa, ta samu 'yan kallo kimanin 120,000 a 1946, shekarar da ta ɗauki kofi. A 1947 ba su kai rabin haka ba. Jaridun baƙaƙe ma suka mayar da shafukansu kan Robinson. Bayan kakar 1948 ɗaya daga manyan rukunan gasar biyu ya rushe, ɗayan ya ci gaba da jan ƙafa.

Rickey bai biya Kansas City Monarchs ko sisin kwabo ba a kan Robinson. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Masu ƙungiyoyin baƙaƙe ba su da bakin ƙorafi, don duk wanda ya yi magana za a ce shi ke hana ɗan'uwansa ci gaba. Manley ce ta tsaya kai da fata har mai ƙungiyar Cleveland, Bill Veeck, ya biya ta kafin ya ɗauki Larry Doby a Yulin 1947.

Sannan babbar gasar 'yan wasa kawai ta ɗiba, su ma kaɗan-kaɗan. Ba ta ɗauki kociyoyi ko masu ƙungiya ba. Ƙungiyar Boston Red Sox, wadda ta yi wa Robinson gwajin jeka-na-yi-ka a 1945, ba ta sa baƙar fata a fili ba sai 1959. Josh Gibson kuwa, wanda da yawa ke ganin ya fi Robinson iya duka nesa ba kusa ba, ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin a buɗe ƙofar.

Ba za a ɗora wa 'yan kallon laifi ba. Mutumin da aka shekara da shekaru ana gaya masa cewa irinsa ba zai iya ba, gani ya kori ji.

Bayan ya ajiye kulki

Shekara 10 ya yi wa Dodgers. Sau shida suka kai wasan ƙarshe na ƙasa, duk da New York Yankees, suka ci sau ɗaya a 1955. A ƙarshen 1956 aka sayar da shi ga abokan gabarsu New York Giants, shi kuwa ya zaɓi ya yi ritaya, ya zama mataimakin shugaba a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts.

Ya shiga fafutukar 'yancin baƙaƙe gadan-gadan, yana tara wa ƙungiyar NAACP kuɗi, yana tafiya tare da Martin Luther King. A 1964 yana cikin waɗanda suka kafa bankin Freedom National a Harlem. Siyasarsa ta jawo masa suka. Ya goyi bayan Richard Nixon a zaɓen 1960, abin da ya yi nadama daga baya, ya kuma yi cacar baki da Malcolm X a jaridu. A 1962 aka shigar da shi zauren gwarazan besbol, baƙar fata na farko.

Jiki kuwa ya riga ya gaji. Ciwon suga ya kama shi jim kaɗan bayan ritaya, furfura ta rufe shi tun yana ɗan shekara 40 da 'yan kai. A Yunin 1971 babban ɗansa, wanda ya yi yaƙi a Vietnam ya kuma yi fama da shaye-shaye har ya rabu da su, ya mutu a hatsarin mota yana da shekara 24.

Ranar 15 ga Oktoban 1972 aka karrama shi a wasan ƙarshe na ƙasa a Cincinnati, birnin da jiragen ƙasa suka riƙa kawo masa 'yan kallo shekara 25 baya. Da ƙyar yake gani. Da aka ba shi abin magana, ya yi godiya, sannan ya nuna cewa farin cikinsa ba zai cika ba sai ranar da ya ga baƙar fata yana jagorantar ƙungiya a matsayin koci. Bayan kwana tara, ranar 24 ga Oktoba, ya rasu sakamakon bugun zuciya a gidansa da ke Stamford a Jihar Connecticut, yana da shekara 53.

Dubban mutane sun yi layi a titunan Harlem da Brooklyn lokacin da ake wucewa da gawarsa zuwa maƙabartar Cypress Hills. Filin Ebbets ba ya nan a lokacin. Dodgers ta koma Los Angeles a 1958, aka rushe filin a 1960, aka gina benayen haya a wurin.

A ƙarshen 1974 Cleveland ta naɗa Frank Robinson, wanda suna kawai suka haɗa, a matsayin koci baƙar fata na farko a babbar gasar. A 1997 aka daina bai wa kowane sabon ɗan wasa lamba 42 a dukkan ƙungiyoyi. Tun daga 2009, a ranar 15 ga Afrilun kowace shekara duk 'yan wasa da kociyoyi da alƙalai ita suke sakawa.